Ko Ya Halatta a Buga Abin da Aka Gano Ba da Yardar Mutum Ba?

A 1996, sa'ad da sanƙarau ke ɗibar rayuka, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano, cikin binciken da ya ƙunshi yara wajen 200. Yara 11 suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce sanadi. Iyaye suka ce ba a shaida musu gwaji ake yi ba.

Tun 1975 Sanarwar Helsinki ta likitocin duniya ta ce kada a buga sakamakon binciken da ya keta ƙa'idodinta. Wani ya ce, in sakamakon zai ceci wasu fa? Tambayar na da nauyi, 'yan'uwa. Amma editan da ya buga ya koya wa mai bincike na gaba cewa uwar da ba ta yi karatu ba, ba sai an nemi yardarta ba.