Bizar Karatu Amana Ce

A Bagdadiyya, bayan sallar isha'i, wani ɗalibin digiri na uku a Jami'ar Sarki Abdul'aziz ya tambaye ni: "Malam, igamata za ta ƙare da karatuna. In na laɓe ina neman abinci, wa na zalunta?"

Na ce, ɗana, ka zalunci ƙannenka da ba ka sani ba. Biza alkawari ce, kuma da cikawarka ake auna masu nema a bayanka. A 2024 hukumar TETFund ta Najeriya ta sanar da dakatar da tura malamai karatu waje, saboda tsada da ƙin dawowar wasu.

Ban raina talaucin gida ba. Amma ƙofar da aka buɗe maka, ba ka da ikon rufe ta ga wani.