Wautar da hannunka ya danna, taka ce?

A shekarar 1995 kamfanin Viacom New Media ya fitar da wasan kwamfuta mai suna Beavis and Butt-Head in Virtual Stupidity. An gina shi ne a kan zanen barkwanci na manya da Mike Judge ya ƙirƙira, wanda tashar MTV ta Amurka ta fara nunawa a 1993. Beavis da Butt-Head samari biyu ne dolaye a garin Highland, ba su da burin da ya wuce shiga gungun wani tantiri mai suna Todd, shi kuwa duk sanda ya gan su sai ya ci musu mutunci. A talabijin kallo kawai mutum yake yi. A wasan kuwa shi ne mai ɗaukar kaya, shi ne mai zaɓar maganar da za a faɗa, shi ne mai tura yaran inda za su yi ɓarna. To, idan aikin banza ya biyo ta hannunsa, yana da kaso a ciki?

Masanin falsafa Aflatun ya taɓa hana masu tsaron birnin da ya ƙiyasta kwaikwayon ƙasƙantattun mutane, domin a ganinsa abin da aka daɗe ana kwaikwayo yakan rikiɗe ya zama hali. Da gaskiyarsa, sai dai ya yi kuɗin goro. Mai warware wannan wasa dole ya koma gefe ya lissafa yadda wawa zai yi tunani, kuma lissafin nan shi ne tazarar da ke raba shi da su. Niyyarsa ta ganin ƙarshen labari ce, labarin kuma kullum yaran yake kunyatawa. Yaron da ya girma yana jin makircin Gizo ba ya tashi ɓarawo saboda haka, tunda yana ganin yadda asirin Gizo kan tonu. Shi ya sa nake ganin ma'aunin da ya dace shi ne abin da wasan yake saka wa mutum a kai, ko da kuwa ƙazantar da ya nuna tana da yawa.

Da wannan ma'auni wasan bai tsira gaba ɗaya ba. Akwai wani ɗan sashe da ake hawa rufin makaranta ana tofa wa masu wucewa majina, ana ba da maki ga wanda ya fi iya saiti. A nan babu sauran tazara: abin da yaran suke so shi mai wasa yake so, dariyar kuma ta tashi daga kansu ta koma kan wanda aka wulaƙanta. Wani zai ce ai zane ne, ba a cuci kowa ba. Haka ne, babu haƙƙin wani a wuyansa. Amma addini bai taƙaita hisabi a kan haƙƙin mutane ba, yana duban abin da zuciya ke sabawa da jin daɗinsa, kuma wanda ya saba samun nishaɗi a izgili ya rage wa kansa wani abu ko babu shaida.

Daga ɗaya ɓangaren kuma akwai masu cewa a haramta duka, suna kafa hujja da gobarar jihar Ohio ta 1993, inda yaro ɗan shekara 5 ya kunna wutar da ta kashe ƙanwarsa, uwar ta ɗora wa shirin laifi, MTV ta mayar da shi can cikin dare ta kuma cire zancen wuta. Abin tausayi ne, amma hujjar a kan shekaru take. Ɗan shekara 5 bai kai ga rarrabe ba'a da koyi ba, shari'a ma ba ta ɗora masa hukunci. Baligi yana da wannan rarrabewar, saboda haka shi ake tambaya a wane sashe na wasan ya fi daɗewa.