Ɗan Amshin Shata ko Abokin Waƙa?

A siyasar gida idan aka kira mutum ɗan amshin Shata an gama zaginsa. Ana nufin ba shi da ra'ayin kansa, duk abin da maigida ya faɗa sai ya ce haka ne. Asalin maganar kowa ya sani: Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, shi ke kawo baituka iri-iri, yaransa kuma suna maimaita amshi guda har waƙa ta ƙare. Tambayar da nake so mu duba, 'yan'uwa ɗalibai, ita ce: shin duk wanda ya saka muryarsa cikin ta jama'a ya zama ɗan amshin Shata ke nan, ko akwai bin jama'a da ba ya zubar da mutunci?

Abin da ya jawo tambayar shi ne yadda Faransawa ke son waƙar taro, wadda suke kira koral. A garuruwan da ke kewaye da Faris, irin su Sevran da ke kan layin jirgin RER B, za ka tarar da sanarwar irin wannan taro a ɗakin bukukuwa na gari, ko makarantar koyon kiɗa, ko coci, musamman gab da Kirsimeti da kuma ranar 21 ga Yuni, ranar bikin kiɗa da aka fara a 1982. Mafi yawan masu rerawar ba sana'arsu ba ce. Malaman makaranta ne da ma'aikatan jinya da 'yan fansho, suna haɗuwa da dare sau ɗaya a mako. Ƙungiyar À Cœur Joie, wadda César Geoffray ya assasa a 1940, cibiyarta na Lyon, kuma tun 1953 take tara dubban mawaƙa a Vaison-la-Romaine duk bayan shekara uku. Yaran da aka ji muryoyinsu a fim ɗin Les Choristes na 2004 su ma daga Lyon suke.

Sevran kuwa da wata irin waƙa aka fi saninta. Kaaris, da Kalash Criminel, da Maes duk 'yan garin ne, kuma rap ɗinsu murya ce ta mutum ɗaya mai cewa ga ni, ku saurare ni. Ba abin mamaki ba ne a garin da masana'antar Kodak ta rufe a 1995 ta bar mutane ba aiki. Wanda aka daɗe ba a saurare shi ba yana da hujjar ɗaga murya shi kaɗai. Idan ka ce masa ya shiga sahu ya bi hannun mai ba da umarni, zai ce so ake a mayar da shi ɗan amshi.

Wannan zargi yana da ƙarfi. A koral akwai shugaba a gaba, akwai rubutacciyar waƙa da ba kai ka tsara ba, kuma in muryarka ta fi ta kowa fitowa kuskure ka yi. Tarihi ya nuna cewa azzalumai na son taron da ke rera abu ɗaya, domin mutum a cikin taro yakan furta abin da zai ji kunyar faɗa shi kaɗai. Amma tarihi ya nuna akasin haka ma: mutanen Estoniya da waƙoƙin taro suka tunkari Tarayyar Sobiyet daga 1987 zuwa 1991 har suka sami 'yanci. Ashe haɗa murya makami ne, yana iya faɗawa hannun kowa. Sai mu nemi ma'aunin da zai raba mai kyau da maras kyau.

Ma'auni na farko yana cikin tsarin koral kansa. Ana raba mawaƙa kashi huɗu, mata masu siririyar murya da masu kauri, maza ma haka, kuma kowane kashi da nasa layin. Wanda ya bar nasa ya koma na maƙwabcinsa don ya fi ƙarfi ya ɓata waƙar, ko da niyyarsa haɗin kai ce. Dole ka riƙe naka, kunnenka kuma yana kan na wasu. Ɗan amshin siyasa ba ya yin ko ɗaya daga cikin biyun: bai da layin da zai riƙe, kuma mutum ɗaya kawai yake saurare.

Mu ma a gida muna da wannan. Wanda ya saurari Narambaɗa ko Musa Ɗanƙwairo ya san 'yan amshinsu na karɓe baiti daga bakin maigida su ƙarasa shi, har su yi ƙari. In ba su san waƙar ciki da waje ba, shi ma ba zai kai labari ba. Laifinmu shi ne ba mu riƙe sunayensu ba. Muna kiran waƙa da sunan mutum ɗaya, alhali biyar ko shida suka ɗauke ta.

Ma'auni na biyu shi ne sanin abin da kake rerawa. Wanda ya amsa kalmar da bai fahimta ba ya ba da aron bakinsa. Na uku shi ne ikon yin shiru. Ɗalibi Musulmi da ya shiga koral na jami'a zai iya rera waƙar gargajiya tare da kowa, ya kuma kame bakinsa idan an zo kan baitin da ya saɓa wa aƙidarsa. Taron da ya yarda masa da wannan shirun taron abokai ne. Wanda ya hana shi, 'yan amshi yake nema.

Wannan magana ta shafe mu ta fuska biyu. Ƙasar da muke zaune a ciki kullum tana kiran baƙo ya saje, kuma hakkinmu ne mu tambaya ko ana so mu shigo da layinmu ne ko mu ajiye shi a bakin ƙofa. Sannan akwai ƙungiyarmu. Sau nawa shugaba ke kawo shawara a taro kowa ya ce madalla, sai an fita a fara gunaguni a tashar jirgi? Sau nawa kuma wani ke fita daga ƙungiya don ba a ɗauki tasa ba? Na farko ya jefar da layinsa, na biyu ya toshe kunnensa.

Shawarata ita ce duk wanda ya sami dama ya je ya ga irin wannan taro a unguwarsa, sau da yawa kyauta ne ko kuɗi kaɗan. Ya lura da lokacin da mutum arba'in ke jan numfashi tare kafin su fara, sannan ya kasa kunne ya ji layuka huɗu suna tafiya kowanne da hanyarsa. Allah ya sa mu dace.