Ashe rubutu ma yana ƙarya?

Wata Lahadi, a kasuwar Tawa, wata ɗalibata ta ajin yaƙi da jahilci ta sayi turmin atamfa. Da kanta ta karanta bakin zanen, ta ga an rubuta Holan. Ta biya kuɗin ƴar Holan tana murna. Wanki biyu, zane ya zuba. Ta zo ta ce mini: "Malam, ashe rubutu ma yana ƙarya?"

Ƴan'uwa, yana yi. Mutum ne ke rubutu, kuma maƙaryaci ma yana iya riƙe alƙalami.

Wani zai ce: "Ina laifin? Talaka ba ya da kuɗin ta ainihi, ga mai araha ya samu." Gaskiya ne, araha ba laifi ba ce. Laifin shi ne ɓoye asali. In an gaya maka inda aka yi kaya, ka saya da sonka, ciniki ya yi. In an liƙa sunan wata ƙasa don a ruɗe ka, an yi sata biyu: kuɗin mai saye, da sunan wanda ya sha wahalar aiki.

Wannan cuta ta daɗe a duniya. A 1891, wasu ƙasashe sun taru a birnin Madrid na ƙasar Sifen. Sun yarda a kama duk kayan da ya zo kan iyaka da sunan ƙasar da ba a can aka yi shi ba. A Afirka kuma akwai ƙungiyar OAPI, wadda yarjejeniyar Bangi ta 1977 ta ba ta wannan suna. Mazauninta yana Yawunde, kuma Nijar tana cikinta. Yau kilishin Nijar da albasar Galmi suna rubuce a littafinta, don kada wani ya ci da sunansu.

To, mu fa? Wanda ya sa albasar wani wuri cikin buhu ya ce ta Galmi ce, da mai atamfar nan duk ɗaya suke. Haka mai cukun da ba na Abalak ba, yana rantsuwa na can ne. Doka tana tsare kan iyaka, amma ba ta zama cikin kowace rumfa.

Saboda haka ku karanta, amma ku taɓa, ku tambaya. In kuma ku ne masu saidawa, ku faɗi asalin kayanku. Riba tana ƙarewa, suna ne ɗa ke gado.