Akawun Lauya Tsakanin Amana Da Zumunta

Kowace shekara makarantunmu na sakandare suna yaye yara, kuma a cikinsu akwai waɗanda rabo kan kai su ofishin lauya a Talata Mafara ko Gusau, su zama akawu. Mu malamai mun koya musu rubuta wasiƙa da lissafi, amma tambayar da aikin zai fara jefa musu ba ta cikin manhaja, wato idan amanar ofis ta ci karo da haƙƙin zumunta, wanne za a bi?

A ido aikin ba shi da wani kwarjini. Akawu shi ke buɗe ofis, ya buga takardar ƙara ko ta rantsuwa a kwamfuta, ya kai fayil wurin rajistaran kotu, ya karɓo ranar zama. Sau da yawa shi ne tafinta, domin manomi da Hausa zai yi bayani, takardun Babbar Kotu kuwa da Turanci ake rubuta su. Saboda haka yaron da albashinsa bai taka kara ya karya ba, shi ya san wanda ya jinginar da gonar gado a ɓoye, da wanda bashi ke neman cinye gidansa.

A yankinmu kuwa maganar gona ba abin wasa ba ce. Dattawa ba su manta da madatsar ruwan Bakolori da aka gama a 1978 ba, da yadda a watan Afrilun 1980 'yan sanda suka buɗe wuta kan manoman da ke neman diyyar gonakinsu. Inda aka taɓa zubar da jini a kan ƙasa, takarda guda a cikin fayil tana iya raba gida da abincinsa.

To, mu ɗauka akawun nan ɗan Dakko ne ta ƙasar Bakura. Wani ya kawo ƙara ofishinsu kan iyakar gona, wanda ake ƙara kuwa kawunsa ne, wanda ya biya masa kuɗin jarrabawa. Ya je gida, kawu ya jawo shi gefe ya ce, "Ɗana, me ake ƙulla mini a ofishin naku? Ai ba a yanka ni kana kallo ba." Wanda duk ya ce amsar nan mai sauƙi ce bai san nauyin kawu ba.

Duk da haka muna ganin shiru ya wajaba a kansa. Asirin da ya ji ajiya ce aka ba ofis, kuma ba a yin zumunci da kayan ajiya. Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Dokar Shaida ta Nijeriya ta 2011 ma haka ta tsaya: sashe na 192 ya hana lauya bayyana abin da mai neman taimakonsa ya gaya masa sai da yardarsa, sashe na 193 kuma ya ɗora wannan nauyi a kan akawu da tafinta. Dalilin a fili yake. Idan mutum ya ji tsoron maganarsa za ta riga shi isa kasuwa, zai ɓoye wa lauyansa gaskiya, lauya ya shiga kotu da rabin labari. Mai kuɗi yana iya tafiya Sakkwato ko Kaduna inda ba wanda ya san shi. Talaka ba shi da ofis sai na kusa, inda akawun ɗan unguwarsu ne. Ashe bakin akawu in ya yi sako-sako, talaka ne farkon wanda za a cuta, kuma gobe kawun da kansa yana iya zama mai kawo asirin.

Wannan bai sa ya watsar da kawunsa ba. Sai ya gaya wa maigidansa cewa wanda ake ƙara ɗan'uwansa ne, a ɗauke fayil ɗin daga hannunsa. Sannan ya ce, "Kawu, ka gafarce ni, bakina a ɗaure yake, amma ka nemi naka lauyan tun da wuri." Kawu zai ji zafi, wataƙila a yi ta gori har wata sallar, kuma dole yaron ya jure.

Sai dai shirun yana da iyaka. Idan maigida ya ce masa ya buga yarjejeniyar cinikin gona ya sa mata kwanan watan shekarun baya, domin a danne haƙƙin marayu, to nan babu sauran amana, sai haɗa baki. Ita kanta dokar ba ta kāre maganar da aka yi don ƙulla haram ba. A nan abin da ya kamace shi shi ne ya janye hannunsa, ko da zai rasa kujerar, alhali ya san aiki ba ya samuwa a arha.

Wuyar al'amarin ke nan: yaro guda ake so ya iya ce wa kawunsa a'a, ya kuma iya ce wa mai biyansa albashi a'a, kowanne a muhallinsa. Ya kamata mu iyaye da malamai mu riƙa tattauna wannan da yaranmu kafin a miƙa musu mabuɗin ofis, kuma idan ɗayansu ya ƙi buɗe mana baki, mu daina kiransa mai girman kai.