Wane Fim Ne Ya Cancanci a Kira Shi na Iyali?

Idan iyaye suka ce wani fim na iyali ne, yawanci abin da suke nufi shi ne babu tsiraici a cikinsa, babu batsa, babu zagi. Da zarar sun tabbatar da haka, sai hankalinsu ya kwanta, su kunna wa yara, su tafi harkokinsu. Tambayar da muke so mu sa a gabanmu ita ce: rashin ƙazanta kaɗai ya isa ya sa abin kallo ya zama mai kyau ga ɗan Kirista? Za mu auna wannan tambaya da wani tsohon fim da masu kallo suka rabu a kansa.

Sunan fim ɗin Swiss Family Robinson. Kamfanin Disney na Amurka ne ya fitar da shi a shekarar 1960, an kuwa ɗauke shi a tsibirin Tobago da ke yankin Karebiyan. An samo labarin ne daga littafin da wani fasto na birnin Bern a ƙasar Suwizalan, Johann David Wyss, ya tsara domin tarbiyyar 'ya'yansa maza huɗu, aka buga shi a 1812. A cikin fim ɗin, uba da uwa da 'ya'yansu uku suna kan hanyar zuwa Niyu Gini, sai jirgin ruwansu ya makale a kan duwatsu, ma'aikatan jirgin suka gudu suka bar su. Iyalin suka haɗa kwale-kwale da gangunan da ke cikin jirgin, suka tsira zuwa wani tsibiri, suka gina gida a kan bishiya. Daga bisani 'yan fashin teku suka kawo musu hari, suka kare kansu har taimako ya iso.

Masu yabon fim ɗin suna da yawa, kuma hujjarsu ba ƙarama ba ce. Suna cewa ga miji da mata masu girmama juna, ga 'ya'ya masu aiki tare da mahaifinsu. Suna tunawa da wurin da iyalin suka taka gaɓar teku, uban yana hanzarin neman mafaka, uwar ta nuna cewa godiya ga Allah ita ce aikin farko, dukansu suka durƙusa. Suna kuma nuna yadda manyan 'ya'yan biyu, Fritz da Ernst, suka yi kishi har da dambe a kan yarinyar da suka ceto, amma da haɗari ya zo suka tsaya tare. Ga waɗannan masu kallo, samun fim irin wannan a zamanin da muke ciki kamar samun rijiya ne a tsakiyar rani.

Masu suka kuwa abubuwa uku suke kawowa. Na farko, dukan mugayen da ke cikin labarin baƙi ne masu kamannin mutanen Asiya, masu yaren da ba a fassara wa mai kallo, alhali masu kirkin Turawa ne. Kamfanin da kansa ya amince da wannan aibi, domin a 2020 ya sa gargaɗi a kan fim ɗin game da yadda aka nuna 'yan fashin. Na biyu, an shirya yaƙin ƙarshe kamar wasa: ana mirgino gumagumai da duwatsu a kan mutane, ana jefa musu kwakwa cike da albarushi, wasu suna faɗawa ramin damisa, an kuwa tsara abin yadda zai ba da dariya. Na uku, ƙaramin yaron, Francis, ba ya ganin dabba sai ya nemi kama ta, har aka yi tseren hawa jimina da jakin dawa da ɗan giwa domin nishaɗi.

To, wa ke da gaskiya? A ganinmu kowane ɓangare ya ga wani abu na gaskiya. Sai dai ba a warware batun lamiri da ƙidayar kawuna. Ko da masu yabo sun ninka masu suka sau goma, yawansu ba zai wanke abin da yake aibi ba. Haka nan zafin masu suka ba zai shafe addu'ar nan ta bakin teku ba. Ra'ayin jama'a yana gaya mana abin da ya faranta wa mutane rai. Abin da yake gina ran yaro kuwa, sai mun zauna mun auna shi da kanmu.

Mu ɗauki batun yaƙin. Ikilisiya ba ta hana mutum ya kare ransa da na iyalinsa ba. Katekisim na 1992 ya koyar cewa wanda aka danƙa wa rayukan wasu, kāre su hakki ne a wuyansa. Saboda haka uban nan bai yi zunubi ba da ya tare maharan. Matsalar tana wajen dariyar. Ɗan fashi ma mutum ne da aka halitta cikin kamannin Allah, mutuwarsa abin baƙin ciki ne ko da shi ya jawo wa kansa. Yaron da ya saba tafa hannu sa'ad da abokin gaba ya faɗi, ya kuma saba gane abokin gaba ta fatarsa da yarensa, ya koyi darasi mai haɗari ba tare da an furta kalmar batsa ko guda ba. Mu da muke zaune tare da maƙwabta masu wani harshe da wani addini, mun san inda irin wannan darasi yake kai al'umma. Ya kamata mu lura kuma cewa wannan babban yaƙi ba ya cikin littafin faston. Masu shirya fim ne suka ƙara shi domin armashi.

Littafi Mai Tsarki ma yana da labarin jirgin da ya fashe da tsibirin da aka tsira a kansa. A cikin Ayyukan Manzanni, sura 27 da 28, Bulus yana cikin jirgi tare da mutum 276, har da shi. A tsakiyar guguwa ya ɗauki gurasa, ya yi godiya ga Allah a gaban kowa, kuma dukansu suka kai gaci a tsibirin Malta. Mutanen tsibirin baƙi ne gare su, ba su jin yarensu, amma su ne suka hura musu wuta saboda ruwan sama da sanyi, suka karɓe su hannu biyu. A nan baƙo shi ne mai jinƙai. Yaran da suka kalli fim ɗin nan suna bukatar su ji wannan labari ma, domin su san cewa fuskar da ba su saba gani ba tana iya zama ta mai taimako.

Ba muna cewa a hana kallon fim ɗin ba ne. Ikilisiya ta daɗe tana tunani a kan sinima, tun daga wasiƙar Paparoma Piyus na 11 ta 1936, zuwa takardar Majalisar Vatikan ta Biyu a kan hanyoyin sadarwa ta ranar 4 ga Disamba 1963, wadda ta ɗora wa iyaye nauyin lura da abin da ke shiga gidajensu. A 1994, cikin saƙonsa na Ranar Sadarwa ta Duniya, Paparoma Yahaya Bulus na Biyu ya gargaɗi iyaye kada su mai da talabijin mai reno, ya kuma ƙarfafa su su riƙa tattaunawa da 'ya'yansu a kan abin da suka kalla. Wannan gargaɗi ya shafi wayar hannu a yau kamar yadda ya shafi akwatin talabijin a wancan lokaci.

Amsarmu ke nan: fim ba ya zama na iyali don kawai an share shi daga ƙazanta. Yana zama na iyali ne sa'ad da iyali suka zauna suka kalle shi tare, babba ya taimaki yaro ya raba tsaba da ƙaiƙayi. Bayan kallo, uba ko uwa na iya tambaya: Me ya sa suka durƙusa kafin su nemi wurin kwana? Waɗannan mutane da suka mutu, ba su da uwaye da 'ya'ya? Allah ya ba mu dabbobi domin mu yi wasa da su ne, ko domin mu kula da su? Yaro ɗan shekara bakwai yana iya amsa waɗannan tambayoyi, wani lokaci ma amsarsa takan ba manya kunya.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kamfanin fim na iya buga wa hajarsa hatimin da ya ga dama, masu kallo kuma su yi ta jayayya, amma mu ne muka tsaya a gaban bagadi ranar baftisma muka yi alkawarin renon waɗannan yara cikin bangaskiya. Ubangiji ya ba mu hikima da haƙurin cika wannan alkawari.