Wanda Ya Ƙone Mumbarin Salahuddini

  

Ran Alhamis 21 ga watan Agusta 1969, da sassafe, wani saurayi ɗan shekara 28 mai suna Denis Michael Rohan, mutumin ƙasar Ostireliya, ya shiga Masallacin Aƙsa da ke Birnin Ƙudus kamar mai yawon buɗe ido. Ya zuba kananzir a gindin mumbari, ya ƙyasta ashana, ya fita. Kafin a shawo kan wutar ta cinye mumbarin nan da Sarki Nuruddini Zangi ya sa masassaƙan Halab suka yi a 1168, wanda Salahuddini ya kafa a masallacin bayan ya karɓe birnin a 1187. Abin da ya tsira daga yaƙe-yaƙe shekara kusan 800, sai ga shi ya zama toka a safiya guda.

Da aka kai shi gaban shari'a, Rohan bai musa ba. Cewa ya yi Ubangiji ne ya aiko shi ya share wurin don a gina haikalin Bani Isra'ila, shi kuma ya zama sarkin Ƙudus. Likitoci suka shaida cewa yana fama da matsanancin taɓin hankali, irin wanda ke sa mutum ya ji muryoyin da babu su, ya kuma ƙudurta abin da hujja ba ta iya ciro shi daga zuciyarsa. Kotu ta tura shi asibiti maimakon kurkuku, a 1974 aka mayar da shi ƙasarsu. Musulmi da yawa ba su gamsu ba, domin birnin yana hannun Isra'ila tun 1967, tsaron masallacin kuwa yana wuyan mai riƙe da gari. Fushin nan ne ya tara shugabannin ƙasashen Musulmi a Rabat cikin watan Satumba 1969, inda aka kafa ƙungiyarsu.

To, addini ne ya sa shi, ko ciwo? Masu saurin hukunci sun kasu biyu, kuma duka sun yi gajen haƙuri. Ciwon hauka ba ya zuwa da kayansa, aro yake yi. Abin da ya fi girma a zuciyar mutum lokacin lafiyarsa, shi ciwon ke ɗauka ya karkatar. Mai son mulki sai ya ga ya zama sarki, mai tsoron hukuma ya ga 'yan sanda na binsa, wanda ya shaƙu da littafin addini kuwa sai ya ga sunansa a cikin kowace aya. Dubban mutane sun karanta mujallar wa'azin nan ta Amurka mai suna The Plain Truth da Rohan ke karantawa, ba su ƙone ko bukka ba. Amma fa wannan ba ya wanke mai wa'azi sarai. Wanda ya ɗauki zancen tashin duniya ya mayar da shi sana'a, yana nuna wuri da lokaci, ya sani a cikin masu saurarensa akwai wanda hankalinsa ke lilo. Ciwo ya ba Rohan murya, karatunsa ya nuna masa ƙofar da zai dosa.

Shari'ar Musulunci ta daɗe da rarrabe wannan. Ya tabbata a hadisi cewa mutum uku ba a rubuta musu zunubi: mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, da mahaukaci har hankalinsa ya dawo. Da wannan ne Sayyidina Ali ya hana a tsayar da haddi kan wata mace mai taɓin hankali a zamanin Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da su, Umar kuwa ya janye. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Marwan ɗan Hakam ya rubuta wa Mu'awiya game da mahaukacin da ya kashe mutum, amsa ta zo cewa a tsare shi, kada a yi masa ƙisasi.

A lura da kalmar nan ta tsarewa. Ɗage hukunci ba sakin mutum ba ne ya ci gaba da ɓarna, kuma ba zubar da jinin wanda aka kashe ba ne. A mazhabar Malikiyya kisan da mahaukaci ya yi ana ɗaukarsa kamar na kuskure, diyya kuwa tana hawa kan danginsa na wajen uba. Watau alƙalamin da aka ɗauke daga kansa ba a ɗauke shi daga kan waɗanda ke kewaye da shi ba. Wanda kuwa ciwonsa ke zuwa yana tafiya, in ya aikata laifin lokacin da yake cikin hayyacinsa, hukuncinsa na mai hankali ne. Saboda haka ba kowane mai iƙirarin hauka ne alƙali zai gaskata ba, sai an bincika.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne farkon ciwon, domin sau da yawa yakan shigo da rigar ibada. Saurayi ya daina barci, ya ƙaurace wa mutane, ya ce ana yi masa magana da dare, an zaɓe shi ya gyara duniya. Wasu su ce walittaka ce, wasu su ce aljanu ne, a yi ta tofi da hayaƙi wata da watanni ba a kai shi wurin likita ba. Wahayi dai ya yanke tun wafatin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Muryar da ta umarci mutum da ya ƙone wurin ibada ko ya yanka ɗansa, malami ba ya bukatar dogon nazari kafin ya gane ba daga Allah take ba. Addu'a ba ta hana magani, kuma mafi yawan masu wannan ciwo ba sa cutar kowa; su aka fi cuta, da duka da mari da jifan yara.

Shi Nuruddinin da ya sa aka sassaƙa mumbarin, shi ne ya gina asibiti a Dimashƙa a 1154, inda har masu taɓin hankali ake jinya. Ginin yana nan tsaye. Mumbarin kuwa sai a 2007 aka kafa madadinsa, wanda aka sassaƙa a ƙasar Jodan bisa fasalin na farko.